Ruwan da Tanko Ya Shiga

Da sunan Allah nake farawa, Mai saukar da ruwa daga sama, Mai ɓoye shi a ƙarƙashin ƙasa saboda bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu, da alayensa, da sahabbansa.

Mai girma shugaban wanga taro, maigarinmu na Dogon Marke, Malam Iliya, mai girma Sufurefe, wakilin gwamnati, wanda ya taso tun daga Madawa ya biyo wagga hanya tamu mai duwatsu, mai martaba uban ƙasa da 'yan rakiyarsa, limamanmu da malamanmu, Ardo da jama'arsa ta rugage, shugaban Samariya, shugabar ƙungiyar mata, baƙinmu na Bangi da Galma da Azarori, da waɗanda sunka gangaro daga Buza da Keita, iyayenmu maza, iyayenmu mata, 'yan'uwa da ɗiyanmu: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Halidu Manzo. Manomi ne ni, kuma ni 'yan'uwana sunka ɗora wa shugabancin ƙungiyar manoman garin nan. An ce in yi magana da yawun gari a ranar buɗe wagga sabuwar rijiya, na kuwa karɓa, ko da yake na san akwai waɗanda sunka fi ni baki.

Godiya ta farko ta Allah ce, da Ya nuna mana wagga rana ta shekarar alif ɗari tara da tamanin da bakwai muna tsaye da ƙafafunmu. Bayan haka muna godiya ga gwamnati, da ta ba mu siminti da ƙarfe, ta kuma turo mana magina rijiya. Muna godiya ga samarinmu da ke biɗa a Abijan da Legas, waɗanda sunka rage cin bakinsu sunka aiko gida. Muna godiya ga matan garin nan, waɗanda sunka ɗauko tsakuwa da ka tun daga gindin dutse, da goyo a bayansu, ba wadda ta nemi lada. Muna godiya ga mutanen Ardo, da sunka ba mu aron bajimai munka ja ƙasa daga cikin rami. Duk wanda ya sa hannu, ko da kwaryar fura ce ya miƙa wa mai haƙa, Allah Ya san shi, mu ma ba mu manta shi ba.

Jama'a, ranar farin ciki ce, ba na son in ɓata ta. Amma baƙon da ya zo yau zai iya tambaya: garin da ke da tabki kamar Tabkin Marke, wanda ga shi can kuna hangen ruwansa yana walƙiya, me ya kai shi haƙa rijiya mai zurfin nan cikin dutse? Ina neman izinin mai girma Sufurefe in amsa wagga tambaya. Amsar tana da sunan mutum a cikinta, sunansa Tanko ɗan Gado.

Tanko sa'ana ne. Tare munka yi kiwon awaki, tare munka fara riƙe hauya, shekara ɗaya munka yi aure. Gidansu su ne masu tabki tun kafin kakanninmu su kama salla. A da can, su ke yi wa ruwan yanka kafin a shiga kamun kifi. Sun bar yankan tun zamanin kakansa, amma ba su bar kulawar ba. Tanko ne ke raba bakin tabki: nan wurin shan shanu, nan wurin ɗibar mata, can nesa wurin masu buga tubali. Shi ke faɗin ranar da za a shiga kamun tarwaɗa, shi kuma ke faɗin ranar da za a bari. Ba albashi gare shi ba, ba sarauta gare shi ba. In kun tuna farin shekarar saba'in da uku, sa'ad da tabkin ya ƙafe har ƙasarsa ta tsattsage, shi ya bi cikin busasshiyar lakar nan yana dube-dube, ya nuna mana inda za mu tona, munka tona, ruwa ya tsattsafo. Da wanga ruwa garuruwa da rugage sunka ga damina.

Mutum ne marar yawan magana, sai dai yawan tsokana. Ni kuwa kun san halina. Kullum yakan ce mini, “Halidu, kai dai in anka ba ka gaisuwa sai ka mai da ita huɗuba.” Da yana raye, da yanzu yana can bayan taro yana ɗaga mini hannu in taƙaita. Ka yi haƙuri, Tanko, yau kam sai na faɗi.

A wajen shekarar saba'in da tara wani kamfani mai sayar da maganin ƙwari ya buɗe magaza, wato ɗakin ajiya da sayar da kaya, a bakin babbar hanya, gabas da mu. Ba zan ambaci sunansa ba, shari'a ta riga ta ambace shi. Manyansa suna can nesa cikin birni, ba mu taɓa ganin fuskarsu a nan ba. Mun yi murna da zuwansu, gaskiya ce, don tsutsa tana cin audugarmu, kuma maganinsu yana kashe ta. Bayan shekara biyu ciniki ya ja baya, sunka rufe magazar. Akwai sauran magani cikin gangunan ƙarfe, irin waɗanda muke kira tono, wanda ya daɗe har ya lalace, ba mai saye. Mayar da shi inda ya fito aiki ne mai cin kuɗi. Sai anka ba da umurni daga sama a rabu da shi ta hanya mafi sauƙi. Cikin rani, kamiyo, babbar motar nan ta ɗaukar kaya, ya zo ya sauke gangunan a cikin ƙoramar da ke gangarowa tabkinmu, anka tura rairayi anka rufe. Ba wanda ya yi wa maigari sallama, ba wanda ya ce mana, “Ga abin da munka ajiye muku, ku yi hankali.” Masu kiwo sun ga sawun taya, sunka ɗauka masu ɗibar yashi ne.

Damina ta faɗi. Ruwan farko da na biyu sunka wuce lafiya. Cikin watan da gero ke fitar da kai, anka yi ruwa mai ƙarfi a kan duwatsu, ƙorama ta taso da iyakar ƙarfinta, ta yaye rairayin, ta turo gangunan har bakin tabki. Tsatsa ta riga ta cinye su.

Da safe, matan da sunka fara zuwa ɗibar ruwa sunka dawo da tulunansu wayam. Sunka ce ruwa yana wari, kuma akwai wani abu fari kamar nono yana yawo a samansa. Kafin mu isa, kifi ya taso ya juya ciki sama. Na ga shamuwa kwance a bakin ruwa da fikafikanta a buɗe. Can gefen arewa kuwa, wurin shan shanu, mun makara. Altine, makiyayin nan da ke zaune yanzu kusa da Ardo, ya riga ya shayar da garkensa tun da sassafe, kamar yadda ubansa ya yi, kamar yadda kakansa ya yi. Mun tarar da shanun suna rawar jiki, kumfa na fita daga bakinsu, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Altine yana zaune a ƙasa, ya ɗora kan wata saniya a cinyarsa, yana shafa ta yana kiran sunanta. Na dafa shi na ce, “Altine, tashi, sai haƙuri.” Ya ɗago ya dube ni, ya ce, “Halidu, ni na kawo su. Da na kira su sunka biyo ni.” 

Tanko ya sa samari sunka kewaye tabkin da sanduna, kada yaro ya ɗauki kifi, kada dabba ta kusanto. Maigari ya tashi manzo zuwa Madawa, amma ƙoramu sun cika, sun yanke hanya, mun san taimako ba zai iso a ranar ba. Ga shi kuma hadari yana sake haɗuwa a gabas. Gangunan suna nan cikin ruwa iya ƙirji, wasu sun fashe, mafi yawansu suna ɗiga a hankali. Tanko ya daɗe yana kallon sama, sa'an nan ya ce, “In ruwan ga ya sake zuwa, sauran za su hwashe, tabki ya cika ya malala cikin fadama. Can rijiyoyin lambu suke, can garuruwan ƙasa ke sha. A kawo igiya.”

Anka kawo igiyoyi da bajimai biyu. Ya tuɓe rigarsa ya miƙa mini. Samari sunka yunƙura za su bi shi, ya hana su. Ya ce, “Ruwan gidanmu na. In akwai abin da ke cin mutum ciki, ni ya kamata ya fara gani.” Na ce masa, “To mu yi karɓa-karɓa, ka ɗaura ɗaya in ɗaura ɗaya.” Ya yi dariya ya ce, “Kai ba ka iya ruwa ba, Halidu, sai zance. Tsaya nan ka kora shanu.”

Haka munka wuni. Ya nutsa ya ɗaura igiya, ya ɗago hannu, mu kuma mu kora bajimai su ja ganga zuwa tudu. Ya koma, ya ɗaura, ya ɗago hannu. Gangunan sun fi goma. Abin nan fari yana manne masa a ƙirji da hannuwa da gemu. Tun wajen azahar na ga yana haɗa gumi alhali yana cikin ruwa, na ga hannunsa yana karkarwa a kan igiya. Na roƙe shi ya fito. Ya ce saura kaɗan. Matarsa Furera ta zo ta tsaya a bakin ruwa, ta ce, “Maigida, ya isa haka nan.” Ya ce mata, “Saura biyu, Furera. Ki ɗora mini ruwan zafi.” Ya fitar da biyun. Da ya tako tudu, ƙafafunsa sunka ƙi ɗaukarsa.

Mun wanke shi da sabulu, mun ɗura masa nono, mun yi duk abin da munka sani. Ruwan saman da Tanko ke tsoro ya zo kuwa kafin magariba, tabki ya cika ya malala cikin fadama kamar yadda ya faɗa, amma gangunan suna kan tudu. Washegari, da ƙoramu sunka janye, munka ɗora shi a amalanken shanu munka nufi gidan likita a Madawa. Furera ta ɗora kansa a cinyarta, ta buɗe mayafinta tana kare masa rana. Numfashinsa yana fita da ƙyar. A tsakiyar hanya ya buɗe ido ya neme ni. Na sunkuya. Ya ce, “An kai su bisa dutsi?” Na ce, “An kai.” Ya ce, “A shinge su da ƙaya. Awaki na hawa can.” Wagga ita ce maganar ƙarshe da na ji daga bakin abokina. Ma'aikatan likita sun yi iyakar ƙoƙarinsu, na shaida, ba su zauna ba. Amma gubar ta riga ta shiga jini. Ya cika bayan la'asar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya bar Furera da ɗiya huɗu, ƙaramarsu Rabi'atu tana nono.

Mai girma Sufurefe, hukuma ba ta yi barci a kan wagga magana ba, kuma ba mu zo nan mu ce ta yi ba. Jandarma sun zo, sun ga tambarin kamfanin a jikin gangunan, sun nemo direban kamiyon, wani bawan Allah mai suna Sule, ya kuwa faɗi gaskiya bai ɓoye kome ba. Anka kai magana gaban shari'a. Mun tafi, ni da maigari da Altine da Furera, mun sa tufafinmu na salla, don a zatonmu ranar ce za a auna abin da ya same mu.

Mai kamfanin bai zo ba. Ya turo wani wakili da lauya. Lauyan ya yi magana mai tsawo da Faransanci, tafinta yana juya mana. Ya ce kamfanin ya yi nadama. Ya ce shanun da sunka mutu ba a san adadinsu a rubuce ba. Sa'an nan ya zo kan Tanko, ya ce mutumin nan shi ya shiga ruwa da ƙafarsa, ba wanda ya aike shi, don haka ba za a ɗora wa kamfani mutuwarsa ba. Da tafinta ya gama juya wagga magana, sai Furera, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban maza ba, ta miƙe da goyonta. Ta ce, “Ranka ya daɗe, gaskiya ya hwaɗi. Ba wanda ya aike shi. Amma ɗiyanmu cikin ruwan nan suka wanka, shi muka sha, shi muka dahuwa da shi. Wa za ya tsaya jiran a aike shi?” Ta koma ta zauna.

Alƙalin saurayi ne, kuma na ga maganar ta taɓa shi, don ya daɗe yana duban teburinsa. Da ya zo yanke hukunci, ya ce dokar da ke hannunsa ba ta san irin wanga laifi da sunansa ba. Abin da ya samu a ciki shi ne laifin sakaci da na zubar da ƙazanta inda bai dace ba, kuma ya ɗora wa kamfanin mafi girman tarar da dokar ta yarda masa. Sule direba anka ɗaure shi 'yan watanni. Altine anka yanka masa diyyar da ba ta sayi ko rubu'in garkensa ba. A kan Tanko ba a yanka kome ba. Ita kuwa tarar, wakilin kamfanin bai ko fita waje ya ɗauko jaka ba. Hannu ya sa cikin aljihun rigarsa ya biya, ya karɓi takarda, ya shiga mota. Daga baya wani mai sanin harkar motoci ya faɗa mini kuɗin nan bai kai na tayoyin kamiyon da ya kawo gangunan ba. Da munka fito, alƙalin ya tarar da mu a gindin bishiya, ya gai da Furera da Hausa, ya ce, “Iya, ki gafarce ni. Iyakar inda hannuna ya kai ke nan.” Ba mu riƙe shi a zuci ba. Ya auna da mudun da anka ba shi, mudun ne ƙarami.

Ku ji abin da ya biyo baya, don a nan ne zuciyata ta kasa kwanciya. Likitan dabbobi ya ce kada a sake sha daga tabkin, don gubar ta zauna cikin laka. Matanmu sunka koma ɗibar ruwa a rijiyar wani gari, su fita da hantsi su dawo rana ta take. Altine ya kwashe iyalinsa ya tafi kudu yana yi wa wasu kiwo, mutumin da a da ke da garken kansa; wanga taro ne ya dawo da shi cikinmu yau. Sai ga farin tamanin da huɗu. A bazarar da ta biyo, ba ciyawa ko ta rantsuwa, Furera tana da akuya biyu, da nononsu take raya Rabi'atu. Ta ɗauki gatari ta sassaro rassan gawo ta ba su. Masu tsaron daji sunka gan ta, sunka ci ta tara, kamar yadda doka ta umurce su. Ta kai akuya ɗaya kasuwar Bangi ta sayar ta biya. Ban ce a bar mutane su sare itatuwa ba. Mu manoma mun fi kowa sanin amfanin gawo a gona. Amma ku duba, jama'a, ku duba da idon rahama. Matar da ta sari reshe ta rasa rabin abin da ta mallaka a duniya. Kamfanin da ya kashe tabki, ya kashe garke, ya mai da ita gwauruwa, bai rasa ko barcin rana ɗaya ba. Doka ɗaya ce ta ƙasa ɗaya ta hukunta su duka biyu.

Akwai wani abu kuma da ba kowa ya sani ba, na nemi izinin Furera kafin in faɗe shi. Bayan an sako Sule direba, kamfanin ya kore shi. Wata rana sai ga shi a garin nan da ƙafa, ya rame, yana tambayar gidan Tanko. Samari sunka taru, na ji tsoron abin da zai faru, na raka shi da kaina. Ya durƙusa a ƙofar gida, ya ce, “Baiwar Allah, ni ne na zubar da gangunan. An ce mini tsohon mai ne. Na ji warin, na san ba mai ba ne, amma ina da iyali, na yi shiru. Ki yafe mini.” Furera ta shiga ɗaki, ta ɗebo ruwa a kwarya, daga ruwan nan da ta ɗauko da kanta daga nesa, ta miƙa masa. Ta ce, “Sha, ka sha tahiya.” Da ya sha, ta ce, “Kai na yahe maka, duniya da lahira. Wanda ya aiko ka kuwa bai roƙe ni ba, ban san mi zan ce mishi ba.” Sule ya yi kuka kamar yaro. Har yau wanda ya aiko shi bai roƙa ba. Na ji an ce ya buɗe wata magaza a wani yanki, da wani suna.

Saboda haka, mai girma Sufurefe, ga roƙonmu, muna fatan ka ɗauke shi ka kai birnin Tawa, daga Tawa ya isa inda ake rubuta doka. Ba roƙon fushi ba ne, kuma ba mu ƙi kamfanoni ba. Muna son magani, muna son taki, muna son hanya. Amma muna son mu rayu mu ci amfaninsu.

Na farko, a auna tara da girman ɓarna, a kuma auna ta da ƙarfin mai ɓarnar. Tarar da mai laifi zai biya daga aljihun riga bai ji kome ba, ba horo ba ce. Farashi ne anka sa wa laifin, kuma duk ɗan kasuwa ya iya lissafi. In mayar da guba inda ta fito ya fi tsada, zubar da ita a ƙoramar talakawa ya fi araha, to gobe ma za a zubar, ko a Keita, ko a Buza, ko a wani garin da ba shi da Tanko.

Na biyu, hukunci ya hau sama ya sami wanda ya ba da umurni. Mun ga an ɗaure hannun da ya sauke gangunan, ba mu ga an ko kira bakin da ya ce a sauke ba. In talaka ne kawai ke shiga kurkuku a madadin maigidansa, to maigidan ba zai taɓa rasa wani talakan da zai aika ba.

Na uku, wanda ya ɓata shi ya gyara. Wagga rijiya da muke buɗewa, gwamnati da talakawa sunka gina ta. Wanda ya raba mu da tabkinmu bai sa ko tsakuwa ɗaya ba. Kuma gangunan suna nan. Suna can bisa dutse inda munka ja su, cikin shingen ƙaya, kowace shekara muna sabunta shingen, kowace damina muna kallonsu da fargaba. Ba mu san yadda ake kashe irin wagga guba ba, ba mu da kayan taɓa ta. Muna roƙo a tilasta wa masu ita su zo su kwashe kayansu, in kuwa ba a same su ba, hukuma ta taimake mu. Idan mai girma yana da sarari bayan an ci abinci, ba nisa, za mu raka shi ya gani da idonsa.

Akwai ɗan ƙaramin roƙo da zan ƙara, wanga namu ne mu jama'a. Ina ganin tsofaffin gangunan magani a kasuwanninmu ana sayar da su don zuba ruwan sha. Don Allah, iyayena mata, kada ku saya, kome arahar su, kome yawan wankin da anka yi musu.

Kafin in taho nan, na je na gai da Furera, na ce mata ko za ta yi magana gaban manyan baƙi. Ta ce a'a, ta yi tata maganar sau ɗaya, ta isa. Na ce, “To me kike so in faɗa a madadinki? A nemi diyya?” Ta ci gaba da tsince wake, ta ce, “Malam Halidu, ɗiyana sun girma da abin da Allah Ya hore. Abu guda nika so. Ranar shari'a, tun farko har ƙarshe ‘mutumin nan’ suka ce mishi. Ka hwaɗa musu sunanshi. In za su rubuta sabuwar doka, su san saboda wa suka rubuta ta.”

Mai girma Sufurefe, sunansa Tanko ɗan Gado, mai tabkin Dogon Marke. Na isar da saƙo.

Ya Allah, Ka jiƙan Tanko, Ka yalwata kabarinsa, Ka shayar da shi ruwan da babu ƙishirwa bayansa. Ka raya ɗiyansa, Ka saka wa uwarsu da alheri. Ka mayar wa Altine abin da ya rasa, Ka cika masa garke. Ka buɗa wa Sule hanyar abinci ta halal. Wanda ya ba da umurni kuwa, Ka taɓa zuciyarsa tun yana da sauran lokaci. Ka ba shugabanninmu basira da tausayi, Ka ba alƙalanmu doka mai kaiwa ga gaskiya. Ka ba mu damina mai albarka, Ka tsare ruwanmu da ƙasarmu da dabbobinmu. Baƙinmu da sunka taso daga nesa, Ka mai da kowa gidansa lafiya, ya tarar da iyalinsa lafiya. Amin.

Na gode.